Mu Karɓi Tashar Sola Ko Mu Ci Gaba Da Jiran Wutar NEPA?

Tambaya: Ni shugaban makarantar firamare ne a wani gari da ke gabashin Jigawa. An kafa mana falwaya shekaru da dama da suka wuce, amma tun da taransfomarmu ta ƙone ba mu ƙara ganin wuta ba. Yanzu wani kamfani ya zo yana so ya gina mana ƙaramar tashar sola, mu riƙa sayen wuta ta mita. Kan gari ya rabu uku. Wasu na cewa a karɓa, wasu na cewa wutar gwamnati ta fi araha a jira ta, wasu kuma na cewa kowa ya sayi fanel ɗinsa ya huta. Me injiniya zai ba mu shawara?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, domin tambayar nan ba ta garinku kaɗai ba ce. Shawarata ita ce ku karɓa, amma kada ku sa hannu a takarda sai kun ƙirga injinan da ke aiki da rana a garinku. Na daɗe ina aikin haɗa sola a gidaje da gonaki da ƙananan tashoshi, kuma abin da na gani da idona shi ne, ƙwan fitila da cajin waya ba sa riƙe tasha. Mai injin niƙa da mai walda da mai firiza su ne ke riƙe ta. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara da masu cewa a jira, domin maganarsu tana da dalili, kuma sun cancanci a ba su amsa ta gaskiya.

Tashoshin da ke kan babban layin wutar Najeriya, idan aka haɗa ƙarfinsu a takarda, sun kai wajen megawat 13,000. Abin da ke isa ga jama'a kuwa yawanci yana tsakanin 4,000 zuwa 5,000. A watan Maris na 2025 layin ya ɗauki kimanin megawat 5,800 a lokaci guda, aka yi ta sanarwa ana murna, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan 200. Fiye da mutum miliyan 85 ba su da wuta kwata-kwata, kuma babu ƙasar da ta kai mu wannan adadi a duniya. A karkara, kusan mutum ɗaya ne cikin uku yake da ita.

Mu a Arewa muna da ƙarin matsala ta nisa. Mafi yawan wutar ƙasar daga iskar gas ake samunta, tashoshin gas ɗin kuma, irin su Egbin a Legas da Ughelli da Afam, suna can kudu kusa da bututu. Namu na ruwa ne, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, duk a kan Kogin Kwara da Kogin Kaduna. Daga can sai wutar ta biyo 'yan layuka ƙalilan ta ratsa dazuzzuka kafin ta iso Kaduna, ta wuce Kano, sannan ta gangara garuruwa irin naku da ke can wutsiyar layi. Ka tuna abin da ya faru a watan Oktoba na 2024. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai na Ugwuaji zuwa Apir da ke kawo wuta ta Makurdi da Jos shi ma ya faɗi, jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mutanen Maiduguri sun sha wadda ta fi wannan tun daga Janairun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun layin Damaturu. 'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarsu daga Najeriya take zuwa, su ma sun ɗanɗana a Agustan 2023 da aka yanke musu bayan juyin mulki.

Amma tushen ciwon kuɗi ne, ba waya ba. Tun da aka sayar da kamfanonin wuta a Nuwamban 2013, kuɗin da ake tarawa daga masu amfani bai taɓa biyan abin da aka kashe wajen samar da wutar ba. Kusan rabin kwastomomi ba su da mita, ƙiyasi ake yi musu, su kuma suna ganin zalunci ne sai su ƙi biya. Kamfanin rarrabawa ya kasa biyan mai tasha, mai tasha ya kasa biyan mai gas, mai gas ya rage abin da yake turawa. A farkon 2025 masu tashoshi na cewa bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A, wato kwastomomin da aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, da alƙawarin awa 20 a rana. Ka sa kanka a matsayin kamfanin da aka ba 'yar wuta kaɗan ya raba. Ina zai fara kai ta? Inda ake biyan farashin rukunin A, a cikin birni. Garin da ke ƙarshen layi, babu mita, taransfoma a ƙone, shi ne na ƙarshe a lissafinsa. Don haka ka gaya wa dattawan nan, cikin ladabi, cewa wutar da suke jira tana da araha ne a takarda kawai. Yunit ɗin da bai zo ba, fetur ɗin janareta ne ke cike gurbinsa, kuma ƙaramin janareta da ƙyar yake ba ka yunit biyu a lita guda. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Raba kuɗin lita ɗaya gida biyu, ka ga ainihin abin da mai shago a garinku yake biya kan kowane yunit.

Wannan tsadar man ce ta tura mutane ga sola, ta haɗu da faɗuwar farashin fanel a duniya, wanda ya sauka da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma ya ci gaba da sauka bayan nan. A cikin wata 12 zuwa Yunin 2025, an shigo da fanel na kimanin megawat 1,700 daga Sin zuwa Najeriya, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta fi mu a nahiyar. Ina so ka ajiye wannan adadi kusa da wani. A 2016 gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 kan gina manyan tashoshin sola na sama da megawat 1,000, yawancinsu a jihohin Arewa, amma aka yi ta jayayya kan farashi da wanda zai tsaya lamuni, shekaru suka wuce ba a kafa komai ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 kacal, ta ci fiye da shekara goma ana ginin ta. Ta solar Kumbotso a Kano, ita ma megawat 10, sai Janairun 2023 aka buɗe ta. Wato abin da talakawa da 'yan kasuwa suka ɗora a kan rufinsu da kuɗin aljihunsu cikin shekara guda ya ninka abin da manyan ayyukan nan suka kawo sau da yawa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma mutanenmu sun gane haka tun kafin a gaya musu.

To me zai hana kowa ya sayi nasa, kamar yadda kashi na uku ke cewa? Ga mai gidan da buƙatarsa haske ce da fanka, babu laifi, kuma lissafin ba shi da wuya. Ƙwai shida masu wat 10 na awa biyar sun ci wat 300. Fanka biyu masu wat 60 na awa takwas sun ci 960. Talabijin da cajin wayoyi, a ce 300. Jimilla wat 1,560, tunda kuwa wat 1,000 na awa guda shi ne yunit ɗaya, wajen yunit ɗaya da rabi ke nan a rana. Babban fanel guda mai wat 550 yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a ranar Kano ko Jigawa, bayan an cire abin da zafi da ƙura da wayoyi suka cinye. Ka ga fanel ba shi ne matsala ba. Matsalar tana wajen batir, domin duk wannan wutar da dare ake son ta. Batir mai ruwa na 200Ah a rubuce yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabin nan ne naka. Idan kana zuƙe shi ƙarƙaf kullum, cikin zafin watan Afrilu, a ɗakin da iska ba ta shiga, ba zai yi maka shekara ba. Na shiga gidaje da yawa na tarar da fanel lafiya lau a kan kwano, batir kuma ya kumbura a ƙarƙashin gado, mai gida yana cewa sola yaudara ce. Ba sola ce ta yaudare shi ba, wanda ya sayar masa ne bai yi masa lissafi ba. Na litiyom ya fi juriya nesa ba kusa ba, ana iya cin kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa kullum har shekaru, sai dai kuɗinsa na farko ya fi ƙarfin mafi yawan manoma. Sannan ina roƙo, duk mataccen batir mai dalma kada a fasa shi a tsakar gida. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Waccan daga haƙar zinare ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai.

Inda "kowa ya sayi nasa" ke karyewa shi ne wajen sana'a, da kuma wajen talaka. Mai hali zai haskaka gidansa, sauran gari na nan da tocila. Injin niƙa mai ƙarfin doki 10 kuwa, lokacin tashi yana fizgar wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci idan ya daidaita. Inbatar gida, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta soket, ba ta ɗaukar wannan. Tasha ta gari ce za ta iya.

Ga abin da na gani a wani ƙauye da muka yi aiki, wanda shi ya sa na fara amsata da maganar injina. Da aka kunna tashar, mutane sun yi murna ƙwarai, yara na karatu a ƙarƙashin fitilar ƙofar masallaci, mata na ajiye zoɓo da kunun aya a firji. Bayan 'yan watanni na zauna gaban allon da ke nuna abin da tashar ke yi. Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe batura sun cika. Daga nan har la'asar, rana na dukan fanel, wuta na nan a shirye, babu mai ɗauka, sai na'ura ta riƙa rage ta da kanta. Da magariba kowa ya kunna komai a lokaci guda, kafin asuba batura sun yi ƙasa, sai an tada janaretan dizal na tashar. Wato wutar da ta fi kowace araha, ta tsakar rana, tana tafiya a banza, wadda ta fi tsada kuma ita ake rububi. Kuɗin da ake tarawa bai isa albashin mai gadi da mai gyara da ajiyar canjin batir ba, kamfani kuma ya fara maganar ƙara farashi, gari ya fara gunaguni.

A tsakiyar kasuwar ƙauyen akwai wani dattijo mai injin niƙa na dizal, mai bel, wanda hayaƙinsa ya baƙanta bangon shagon. Mun je wajensa sau uku. Ba gardama yake yi ba, tsoro yake ji, kuma tsoronsa daidai ne. Ya ce idan ya sayar da injinsa ya sayi na lantarki, ranar kasuwa wuta ta ƙi, mata na layi da kwanukan dawa, wa zai ba su haƙuri? Abin da ya warware maganar shi ne aka bar masa tsohon injinsa a gefe, aka ba shi na lantarki bashi yana biya a hankali, aka haɗa masa na'urar da ke tada injin sannu a hankali don kada ya girgiza tashar, sannan aka yi masa farashi mai sauƙi daga hantsi zuwa la'asar. Da sauran masu sana'a suka ga ya daina aiken yaro sayen dizal a galan, mai walda ya biyo, mai ƙanƙara ya biyo, aka mayar da famfon rijiyar burtsatse kan layin. Ba a ƙara ko fanel ɗaya ba, amma kuɗin shiga ya tashi, maganar ƙarin farashi ta kwanta. Tun daga lokacin, duk garin da aka kira ni, kasuwa nake fara zuwa kafin in duba filin da za a kafa tasha.

Ku kuma a gabashin Jigawa kuna da abin da wancan ƙauyen ba shi da shi, wato fadama da noman rani. Famfon ban-ruwa da injin casar shinkafa duk da rana suke aiki, daidai lokacin da wutar sola ta fi yawa. Wannan babbar dama ce a hannunku lokacin ciniki da kamfanin.

Game da takarda, akwai abin da ya shafe ku musamman. Tunda akwai falwaya da waya a garinku, to kuna cikin yankin kamfanin rarraba wuta, ko da wutar ba ta zuwa. Dokar ƙananan tashoshi da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a 2016, ta kuma sabunta a 2023, ta tanadi yarjejeniyar ɓangare uku ga gari irin naku: al'umma, mai tashar sola, da kamfanin rarrabawa. Ku nemi ganin ta da sa hannun kowa. Idan babu ita, wata rana za a iya zuwa a ce wayoyin ba na mai sola ba ne, ku kuma ku rasa tudun dafawa. Ku tambaya kuma ko aikin yana ƙarƙashin tallafin hukumar samar da wuta a karkara, REA. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5 ta irin waɗannan tashoshi da ƙananan na'urorin gida. Kamfanin da ya karɓi tallafi kan kowane gida da ya haɗa, dole a ga alamar tallafin a farashin da zai ba ku. Ku sa a rubuta awa nawa za a ba da wuta a rana, yaushe za a iya sauya farashi kuma da sanin wa, wa ke da alhakin canja batura idan sun tsufa, da kuma inda mai gyara zai zauna. Idan mai gyaran yana Kano ko Abuja, ƙaramar matsala za ta iya cin mako biyu. Ku dage a koya wa matasanku biyu ko uku aikin, har da wanke fanel, domin ƙurar hunturu kan rage wuta sosai idan aka bar ta ta taru, kuma da sassafe ake wankewa kafin gilashin ya yi zafi.

Kada ku yi mamaki idan yunit ɗin tashar ya fi na rukunin A tsada. Haka yake a mafi yawan wurare, saboda babu tallafin gwamnati a kan kowane yunit, kuma batir na cikin lissafin. Abin da za ku gwada shi da shi shi ne kuɗin fetur, da batirin tocila, da cajin waya a shago, da asarar abin da ke lalacewa don rashin sanyi.

Akwai darasi daga Bangaladash da nake so ku riƙe. Daga 2003 zuwa 2018 sun sanya ƙananan na'urorin sola sama da miliyan 4 a gidajen karkara, bisa tsarin biya a hankali, har mutum kusan miliyan 20 suka samu haske. Sai gwamnatinsu ta faɗaɗa babban layi cikin sauri, wuta mai araha ta iso ƙauyuka, mutane da yawa suka daina biyan bashin sola, kasuwar ta durƙushe. Shi ya sa nake son a gina tashar ku da turaku da wayoyi masu inganci irin na babban layi, yadda ranar da wutar ƙasa ta dawo za a haɗa su wuri guda, sola ta yi rana, layi ya taimaka da dare, ba a watsar da komai ba.

Ba kuma zan ce maka sola ta gama mana komai ba, domin ba gaskiya ba ne. Tashar Jami'ar Bayero da ta haɗa sola da batura da janareta, mai megawat 7.1, da aka buɗe a 2019, misali ce ta yadda ake ƙoƙarin sa babbar ma'aikata ta dogara da rana. Amma masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masaƙun Kaduna da muke mafarkin su farfaɗo, suna buƙatar wuta mai ƙarfi dare da rana, wannan kuwa sai da madatsun ruwa da gas da layukan dako masu hanya fiye da ɗaya. Aikin madatsar ruwa ta Mambila, da aka taɓa tsarawa a kan megawat 3,050, an daɗe ana maganarsa tun kafin a haifi yawancin ɗalibanka. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa nasu kasuwar wuta da nasu hukumar, Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓa a 2024. Ya kamata mu riƙa tambayar gwamnoninmu da 'yan majalisarmu me suka yi da wannan dama, domin rana ta fi ƙarfi a wajenmu fiye da ko'ina a ƙasar, ga kuma fili. Karɓar ƙaramar tasha ba ya nufin kun yafe haƙƙinku na babbar wuta.

Abin da nake so ka yi kafin zamanku na gaba da kamfanin, Malam, shi ne ka ɗauki littafi da manyan ɗalibanka biyu ku zagaya gari. Kowane injin niƙa da na markaɗe, injin casa, na walda, firiza, famfon burtsatse da na fadama da ke kusa da gari, firjin allurar rigakafi na asibitin sha-ka-tafi, ku rubuta su. A jikin kowane inji akwai ɗan faranti na ƙarfe da ke nuna ƙarfinsa, ku kwafe lambar. Ku tambayi mai shi awa nawa yake aiki a rana, lita nawa yake sha, da nawa yake kashewa a gyara a wata, ku ware ranar kasuwa daban da sauran ranaku, ku ware kaka daban da damina. Ka kai wa mai gari kwafi ɗaya, ka riƙe ɗaya. Ranar da injiniyan kamfanin ya zo, ka miƙa masa, ka ce ya nuna maka a cikin zanensa inda ya yi wa waɗannan injinan tanadi, da farashin da zai ba su da rana.